Wayar da Ruwa Ya Dawo da Ita

La'asar sakaliya, ina naɗe wayoyin gwaji zan rufe shago, sai Nan-take ya kira ni. Na daɗe ina kallon sunansa a fuskar salula kafin na ɗauka. Rabona da muryarsa tun ranar da ya zo gaisuwar rasuwar ɗana.

Ya ce da ƙafa ya hau inda salula ke kamawa, motarsa na tsohon ramin fasa dutse, a gindin gangara, fitilar makullin aksil sai ƙiftawa take ta ƙi tsayawa, shi kuma ba zai hau wannan tudun mai santsi ba sai ta tsaya. Ya kira wasu masu wayarin irina, amma duk wanda ya ji sunan wurin sai babur ɗinsa ya rasa mai. Na tambaye shi wace mota ce.

"Ita ce, Baba," in ji shi.

Na ce masa ina zuwa.

Sana'ata gyaran wutar mota, a kanta na yi furfura. Nan-take a hannuna ya koyi aiki. Sunan ma a shagona ya same shi, domin duk abin da aka kawo, ko injin ne ya tarwatse, amsarsa ɗaya ce: nan take. Hannunsa na da kyau, wannan ba na musu, amma haƙuri ko na sisin kobo ba shi da shi. Da ya bar wurina sai Allah ya ɗaga shi, ya zama shugaban gareji a wani kamfani mai kula da dogayen ƙarafan sabis na cikin daji. Da autana ya iya tuƙi, ni na kama hannunsa na kai wa Nan-take, na ce ga ƙaninka nan.

A daminar bara wannan motar ta sulale da Auta daga kan wannan gangarar ta faɗa ruwan ramin. Da aka ciro shi, Nan-take ya ce yaron ne ya manta bai danna maɓallin makullin aksil ba. Ya faɗa a kamfani, ya faɗa a gareji, har a zaman makoki na ji yana raɗa wa na kusa da shi. Magana ta bazu cewa ɗan mai wayarin ya kashe kansa da ganganci. Duk wadda ta shigo gaishe da uwarsa, bayan ta ce Allah ya jiƙansa sai ta ƙara da cewa yaran yanzu ba sa jin magana. Matata ta daina fita, ta daina ambaton sunansa. Na je kamfanin na roƙa a bar ni in leƙa ƙarƙashin motar, aka rufe mini ƙofa. Aka busar da ita, aka yi mata fenti, aka mayar da ita hanya. Direbobi suka ƙi ta, shi ya sa ranar da ya kira ni Nan-take da kansa yake tuƙi.

Na tsani yaron nan, ba zan ɓoye ba. Abu ɗaya nake nema a wurinsa: ya janye maganar da ya yi a kan ɗana, da bakinsa, a gaban mutane.

Na ɗaure jakar kayan aiki a bayan babur. Hanyar ramin ta rabu da kwalta, ta shiga ciyawa mai tsayi, babu gida babu gona. An yi ruwa da rana, ƙasa sai tururi take. A saman gangara na kafe babur na sauka da ƙafa, ina dafa duwatsu, domin lakar wurin kamar sabulu take. Hanyar ta sauka ne a karkace, dutse a hannun dama, a hagu kuma babu komai sai ruwa, kore shar, ko motsi ba ya yi.

Motar na ƙasa, hancinta na kallon tudu, bayanta na kallon ruwa. Nan-take na tsaye gefenta da manyan takalman aiki, ya yi tumbi, ya yi kumatu. Ya rusuna zai gaishe ni, na wuce shi na buɗe ƙofa.

Wanda bai san irin waɗannan motocin na shiga daji ba, ga yadda abin yake. In tayar baya ɗaya ta hau santsi, ita kaɗai za ta yi ta juyi a banza, ɗayar ta zauna tana kallonta. Makulli shi ke haɗa su su tura tare. Direba ya danna maɓalli, wani ɗan inji da ke jikin aksil, wato gatarin tayoyin baya, ya tura ƙarfe cikin haƙora, in ƙarfen ya shige sai ya danne kan sensa, sensa kuma ya gaya wa fitilar gaban direba ta tsaya cak. In tana ƙiftawa, bai shiga ba. Direba ba ya ganin ƙarƙashin mota, fitilar nan ce idonsa. Auta ya san wannan tun yana riƙe mini tocila a shago.

Na murɗa mabuɗin mota, na danna maɓalli. Fitilar ta kama, koriya. Sai dai ba irin ƙiftawar da na sani ba ce, mai tafiya daidai kamar agogo. Wannan za ta tsaya, ta ɗauke, ta yi sauri-sauri, ta sake tsayawa, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa ya gaji da jira.

Na duba fis, lafiyarsa lau. Na saurari maɓalli, yana ba da amsa. Nan-take na bayana yana ta zuba: sensan sabo ne, shi ya sa shi da hannunsa bayan abin da ya faru, ƙila dai jabu aka sayar masa, kayan yanzu ba su da amana. Na ce ya zauna a kujerar direba, abin da fitila ta yi ya riƙa gaya mini. Na shimfiɗa kwali a kan laka, na kwanta rigingine, na ja jikina ƙarƙashin motar.

Rana ta riga ta faɗa bayan dutse. Na kunna tocila na kama ta da haƙori. Warin man giyar mota ya cika mini hanci, ga ƙarnin ruwan da ya daɗe a kwance. Kwaɗi sun fara kuka a bakin ramin.

Na ce ya danna. Ɗan injin ya yi gurnani a jikin aksil, ya yi nishi, ya tsaya a rabin hanya. Na ce ya sake. Haka ya kuma yi. Na zare soket, na kwance sensa da sufana. Mai ya biyo ramin, fari-fari, ruwa ya gauraya da shi. Na ɗora wa sensan mita na danna kansa da babban yatsa, mita ta yi kuka. Na saki, ta yi shiru. Babu abin da ya sami sensa. Ƙarfen makullin ne tsatsa ta riƙe, ba ya kaiwa, kuma wannan ba tsatsar shekara ɗaya ba ce.

Na mayar da sensa na ɗaure, na bar soket a zare yana lilo. Na tambayi Nan-take yadda fitila take. Ya ce tana nan yadda take, ta tsaya, ta ɗauke.

Wannan ba ya yiwuwa. Soket a zare, ba abin da zai ce mata ta tsaya.

Na jawo soket ɗin kusa da idona, na ɗaga robar bayansa da farce. Wata guntuwar waya na ciki, an lanƙwasa ta an cusa, ta haɗa bakin nan da bakin can. Ta yi kore da tsatsa. A jiƙe take, har da silin gansakuka a maƙale.

Na san wannan dabarar, domin ni nake koya ta. In kana son sanin ko fitila da layinta lafiya suke, sai ka haɗa bakin soket da guntuwar waya, fitila ta tsaya, ka gani, ka zare. Gwaji ne na ƙiftawar ido. Duk yaron da ya zauna a shagona ya ji na faɗa har ya gaji: wanda ya bar ta a ciki ya koya wa mota ƙarya. Gyaran makulli sai an sauke aksil, a yini ana fama. Cusa waya kuwa, nan take ne.

Ashe Auta ya danna. Fitila ta tsaya masa, ya yarda da ita, ya hau.

Na zaro wayar da filaya na damƙe ta a tafin hannu. A lokacin nan, da an ba ni wuyan Nan-take da na murɗe shi kamar yadda nake murɗe waya.

Sai na lura kwaɗi sun yi shiru.

Duka, lokaci ɗaya. Babu gyare, babu iska. Sai ɗigar mai a kan kwali, ɗis, ɗis.

Na juya kaina hagu. Nan-take ya bar ƙofa a buɗe, ina ganin takalminsa ɗaya yana kaɗawa a kan matakala.

Na juya dama, ɓangaren ruwa.

Ƙafafu biyu na tsaye a jikin tayar baya. Babu takalmi. Fatar ta yi fari ta tattare, irin ta wanda ya daɗe a cikin ruwa. Ruwa na gangarowa daga ƙwauri yana taruwa a ƙasa. Ban ji zuwansu ba, kuma babu sawu a kan laka.

Bayansu akwai wasu. Ƙanana da manya, sun jeru har bakin ramin.

Tocilar ta suɓuce daga bakina ta gangara ƙarƙashin aksil. Na miƙa hannu ina lalube. Wani abu ya sa mini ita a tafin hannu, a hankali, ta ɓangaren mariƙi, yadda ake miƙa wa maigida kayan aiki. Yatsun sanyi ƙalau.

"Baba."

A gefen kunnena. Muryar Auta ce, har da ɗan shaƙewar da yake yi in mura ta kama shi.

Na runtse ido na kama addu'a. Na san wanda ya mutu ba ya dawowa. Na faɗa a fili, da ɗan abin da ya rage mini na murya, cewa ɗana yana kabarinsa, ni na sa shi da hannuna.

"Yana can," in ji muryar. "Muryar ce ta rage a wurinmu. Kai ya yi ta kira har ruwa ya cika motar."

Hawaye suka gangaro mini cikin kunne. Ban iya motsi ba.

Suka yi magana a hankali, wani lokaci baki ɗaya, wani lokaci kamar mutane da yawa na raɗa tare. Suka ce nan gidansu ne tun kafin a fasa dutsen. Motoci na wucewa da kiɗa da hayaniya, ba mai kula su, sai yaron nan kaɗai: in ya iso saman gangara yakan kashe rediyo ya yi sallama. An jefo musu shi cikin ɗaki, suna ji suna gani, sannan aka biyo shi da ƙarya. Sun gaji da jira.

"Mayar da wayar," aka ce. "Ka goge tsatsar, ka mayar. Ka ce masa ta gyaru."

Na buɗe hannuna na kalli wayar. Soket na lilo a saitin hancina. Aikin bai kai a kira shi aiki ba. Zan fito in karkaɗe riga, in hau tudu da ƙafa, in tsaya a sama in yi kallo. Wallahi raina ya so, har na kai filaya bakin soket.

Sai na tuna matata a zaune a ɗaki. In ya nutse yau, gobe za a ce motar ce mai aljanu, a yi masa addu'a, a yabe shi. Maganar da ya yi a kan Auta kuma ta zauna daram, ba mai janye ta.

Na ja jikina baya na fito ta ɓangaren hagu.

Duhu ya fara haɗuwa. Na tsaya a gaban ƙofar direba na haska tafin hannuna.

Nan-take ya leƙo. Na ga fuskarsa ta zube. Ya ja da baya har ƙeyarsa ta bugi kujera.

"Ai na cire ta," ya ce, muryarsa a ƙasa. "Ranar da aka ciro motar na cire ta. A ruwan nan na jefa ta, da hannuna."

Sai da maganar ta fita ya ji abin da ya faɗa. Ya rufe baki da hannu.

Na ce masa na ji. Na ce gobe zai zo gidana ya maimaita wa uwar Auta, daga nan mu wuce gareji ya maimaita wa direbobi. Ya fara kame-kame: an matsa masa ne ranar, ana jiran motar, ya yi niyyar gyarawa washegari, yana da 'ya'ya, za a kore shi, za a ɗaure shi. Da ya ga ban sauko ba sai ya canza fuska. Ya ce tsufa ya fara taɓa ni, wa zai yarda da tsohon da baƙin ciki ya juya wa kai? Waya kuma ai a aljihuna na zo da ita.

Yana cikin faɗa idonsa ya wuce kafaɗata, ya kafe a bayan motar. Ban juya ba. Na san abin da ya gani.

Ya hankaɗe ni na faɗi zaune a laka. Ya ja ƙofa ya rufe, ya tayar da inji.

Ta gilashi na hango fitilar. Ta tsaya cak, koriya, ko ɗan rawa ba ta yi. Wayar na hannuna. Soket a zare.

Na miƙe na bugi gilashin, na ce masa makullin bai shiga ba, ƙarya fitilar take, ya fito mu hau da ƙafa. Ya kalle ni, ya kalli fitilar. Mutumin da ya fi kowa sanin abin da fitilar nan ke iya yi, shi ne ya zaɓi ya yarda da ita.

Ya taka totur.

Motar ta hau da ƙarfi, tana watso laka. Ta kai rabin tudu. Sai ƙarar ta canza, ta koma kuka siriri. Tayar hagu na juyi ita kaɗai tana hayaƙi, ta dama na tsaye.

Motar ta tsaya. Bayanta ya fara karkata.

Ta taho.

Ina tsakiyar hanya, ƙafafuna sun nutse a taɓo. Jajayen fitilun birki suka cika mini ido. Na fizgi jikina na faɗa jikin dutse, taya ta wuce ta tafi da takalmina ɗaya.

Ba ta yi wata ƙara ba da ta shiga ruwan. Ya buɗe mata kawai.

Injin ya mutu. Bayan motar ya nutse, hancinta ya ɗaga sama, tana ja da baya a hankali. A ciki ina ganin ɗan koren haske, da tafin hannu yana dukan gilashi.

"Baba! Baba!"

Wannan karon muryar mai rai ce.

"Bar shi," aka raɗa a bayana.

Na tsaya. Ina jin daɗin kukan nan, Allah ya sani. Na bar shi ya kira, ya sake kira, ya ɗanɗani abin da ɗana ya ɗanɗana. Amma gawa ba ta ba da shaida. Na zaro babbar sufana daga jaka na shiga ruwan.

Sanyinsa ya soke ni har ƙashi. Ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Na kama madubin gefe na daki gilashin ƙofa, na sake duka, ya tarwatse. Ruwa ya kwarara ciki. Na cusa hannu na damƙi kwalar rigarsa na ja. Kansa ya fito, kafaɗunsa suka fito.

Sai ya tsaya. Ana jan sa ta ƙasa.

Nima aka kama ni. Yatsu a idon sawuna, yatsu a gwiwa, wasu a bayan riga. Ba su ja ni da ƙarfi ba, sun dai riƙe, kamar masu jiran su ji ta bakina. Ruwa ya kawo mini haɓa. Ƙarnin ya cika mini baki.

"Namu ne," aka ce, da muryar Auta.

Na ce, "Ku bar mini shi. Ina da aiki da bakinsa."

Motar ta ƙara nutsewa, madubin ya fara suɓuce mini.

"Bakin kawai?"

"Bakin kawai."

Suka saki.

Na faɗa baya da shi a ƙirjina. Ban san yadda na kai gaɓa ba. Na ja shi ta kwala a kan laka kamar buhu, ina tari ina aman ruwa. Da na waiwaya babu mota, sai ɗan koren haske can ƙasa, yana ƙanƙancewa. Bai ƙifta ba har ya ɓace.

Kwaɗi suka ci gaba da kuka.

Nan-take na kwance idonsa a buɗe, yana numfashi. Na ce ya tashi. Ya ce ba ya jin ƙafafunsa. Na ɗaga hannunsa na saki, ya faɗi kamar tsumma. Na ciro salulata daga jaka na hau tudu da ƙafa ɗaya babu takalmi, na kai inda salula ke kamawa, na kira mutanen kamfaninsu.

Likitoci sun ɗauki hoton bayansa da wuyansa, sun juya shi sun sake ɗauka, ba su ga karaya ba, ba su ga komai ba. Daga wuya zuwa ƙasa dai babu abin da ke motsi. Bakin kuwa garau yake. Tun a motar asibiti ya fara: shi ya cusa wayar, yaron ya danna maɓalli, ƙarya ya yi masa. Ya faɗa wa masu jinya, ya faɗa wa manajan da ya zo duba shi, ya faɗa wa mai shara. In aka tambaye shi ko zai sha ruwa, sai ya gama faɗin wannan kafin ya amsa. An ce in ya yi ƙoƙarin yin shiru, sai ya ji ruwa na hawa masa maƙogwaro.

Da aka sallame shi na sa aka turo shi a keken marasa lafiya har tsakar gidana, direbobin kamfanin na biye, maƙwabta sun cika ƙofa. Matata ta fito ta zauna a kan kujera. Ya faɗa daga farko har ƙarshe, yana kuka, majina na zuba babu hannun sharewa. Da ya gama ta ce ya sake. Ya sake. Ranar ta ambaci sunan ɗanta, kuma washegari ta ɗauki mayafi ta fita unguwa.

Ni kuwa tun daga lokacin ban ƙara shiga ƙarƙashin mota bayan la'asar ba, ko nawa za a ba ni. In na kwanta a kan kwali, ɓangare ɗaya nake kallo.

Kwanan baya matar Nan-take ta zo shago. Ta rame, ta yi baƙi. Ta durƙusa a kan ƙasa mai baƙin mai, ta ce mijinta ya gaya mata abin da aka tambaye ni a cikin ruwa da amsar da na bayar. Ta ce tunda sun ji maganata sau ɗaya za su sake ji. In taimaka in koma ramin in roƙar masa ko da hannu ɗaya ne, ya riƙa korar ƙuda daga fuskarsa. Ita ba ta yi mini komai ba, kuma na ji tausayinta. Na ce ta je, zan yi shawara da uwar yaron.

Da na koma gida na tarar da matata tana ninke wanki. Na gaya mata yadda muka yi. Ba ta ɗago ba sai da ta gama ninke rigar da ke hannunta.

"Ka je mana," ta ce. "Ka tambaye su ko za su dawo mini da nawa. In sun ce e, sai ka roƙar masa hannun."

Ta ɗauki wata rigar ta ci gaba da ninkewa. Ban je ba.